Baƙaƙen Ƙarƙashin Katako

Daga Kawu

Auta,

Sallama da gaisuwa mai yawa, irin wadda za ta jure kwana biyu a aljihun direban motar kayanku, tunda kun zaɓi ku je ku tare a dajin da waya ba ta kamawa. Ya karatu, ya ƙwarin naki? Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwata ta hagu da ta riga ni tsufa. Tarin ya yi sauƙi. Innarki, wato tsohuwar nan tawa, tana gaishe ki. Ta ce in tambaya ko kina cin abinci, ko kuwa zama kike yi kina kallon ƙwari suna cin nasu.

To, ga maganar lambu. Kin bar mini gwangwanin irin tumatir ɗin mahaifiyarki, rawayan nan mai kauri, kika ce shekara huɗu ke nan da rasuwarta ba a shuka shi ba, in ya ƙara wata shekarar a gwangwani mutuwa zai yi, don haka in zuba duka. Na zuba duka, ko ƙwaya ɗaya ban rage ba. Arba'in da shida suka fito. Makon jiya na dasa su layi uku a bayan gida, tsakanin katakan nan da kika shimfiɗa don a riƙa takawa. Kin san ba a kasuwa ake samun irin nan ba. Daga hannun mahaifiyarmu ƙanwata ta karɓe shi, kowace shekara ta zaɓi ɗan da ya fi kyau ta matse, ta shanya a kan tsumma. A asibiti ma, ranar da ta fara daina gane mutane, sai da ta riƙe hannuna ta ce, "Yaya, kada a bar tumatir ɗina ya ƙare." Na ce mata to. Ban san to ɗin zai yi nauyi haka ba.

Shekaranjiya da safe na fita da butar ban ruwa, na tarar da uku a kwance. An yanke su daidai wuya, a bakin ƙasa, kamar da reza. Ba a ci ganyen ba, ba a ɗauke su ba, an dai kwantar da su. Jiya biyu. Yau ɗaya.

Auta, shekara talatin da ɗaya na yi ina gadin sito kafin a sallame ni yadda aka sallame ni. Na san ɓarawo, ɗauka yake yi ya tafi. Amma mai yankewa ya ajiye a wurin, ba sawu, ba motsi, wannan ban san shi ba, kuma ba zan ɓoye miki ba, tsoro nake ji.

Takardar da kika liƙa a ƙofar ɗakin ajiya tana nan, ina karanta ta kullum: "Kawu, kada ka taɓa mafarautan lambu, su ne masu gadinsa." Na gane su. Siraran mazarin nan ne da ke shawagi a kan tsohon bahon da kika binne a ƙasa kika cika da ruwa, ko? Jikinsu kamar allura da shuɗin zare, in sun sauka su haɗe fikafikansu a baya kamar mai ladabi a gaban manya. Ni 'yan gayu nake ce musu. Na ga ɗaya da idona ya tsince wani ɗan koren ƙwaro daga bayan ganye, yadda mace take tsince tsakuwa a shinkafa. Ban taɓa su ba, har ruwa nake ƙara musu.

Sai dai akwai wasu. Da na ɗaga katakon da ke kusa da dashen da aka yanke, sai ga wasu baƙaƙen ƙwari sun watse a guje, kowanne kamar gaɓar babban yatsa, suna sheƙi kamar takalmin da aka goge. Na cafke ɗaya. Ya cije ni, ya kuma bar mini wani wari a hannu wanda sai da na wanke da sabulu sau uku. Baki gare shi kamar filaya. Duk katakon da na ɗaga kusa da ɓarna, suna ƙarƙashinsa.

Ban ce komai ba tukuna. Ke ce mai karatun. Ki gaya mini su wane ne, kuma ki hanzarta. Saura arba'in.

Kawunki

Daga Auta, wadda ta rubuta kafin ta Kawu ta isa gare ta

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da Inna. Ya gwiwa, ya tari? Don Allah ka riƙa saka rigar sanyi in za ka fita ban ruwa da sassafe, na san halinka. Ni lafiyata ƙalau, sai ƙafafuna da suka yi fari fat saboda tsayuwa a rafi.

A tsaye nake rubutun nan, direba yana ta danna mini oda. Na san yanzu hankalinka duk yana kan lambu. Ka kwantar da shi. Muddin mafarauta suna nan, da wuya wani abu ya ci ƙarfinka.

Siraran mazarin nan nake bi kwanakin nan. Kawu, da ka ga yadda suke kamu da ka yi dariya. Ƙafafunsu shida suke haɗawa kamar kwando, su ɗebo sauro a iska ko su tsinto ƙwaro a kan ganye. Idanunsu biyu kamar za su faɗo, kowanne yana gefe guda. 'Ya'yansu kuma a ruwa suke wata da watanni, suna cinye 'ya'yan sauro. Shi ya sa na binne bahon nan, don Inna ta huta da cizo.

Baƙaƙen nan na ƙarƙashin katako kuwa, su labarinsu daban ne, sai na zauna. Ba su da tausayi ko kaɗan. Da dare suke fitowa, kuma abin da suka kama ba sa saki sai sun gama da shi. Zan rubuto maka komai a kansu in direba ya dawo.

Hadari yana ta haɗuwa a nan. A gaishe mini da Tela maƙwabcinku.

Taka,
Auta

Daga Kawu

Auta,

Gaisuwa da fatan kina lafiya. Mu da sauƙi. Rigar sanyi ina sakawa, Innarki ba ta bari in wuce ƙofa sai ta ga maɓalli a wuyana.

Amsarki ta iso kwana uku bayan na kai tawa ofishinku na cikin gari, har na yaba wa direban nan da sauri. Na karanta sau biyu, na karanta wa Innarki sau ɗaya. Kin ce ba su da tausayi, da dare suke fitowa, abin da suka kama sai sun gama da shi. Ai magana ta ƙare. Da dare ake yanke dashen, a wurin na same su, ga reza a bakinsu, ga shaidar mai ilimi. Ko alƙali ba zai nemi ƙari ba.

Ban jira dogon labarin da kika yi alkawari ba. Na sa Innarki ta tafasa ruwa a babbar tukunya. Na riƙa ɗaga katakai ɗaya bayan ɗaya ina kwara musu. Sun fi talatin. Har da wasu dogaye masu kama da tsutsa, baƙaƙe, masu irin bakin nan, waɗanda na ɗauka 'ya'yansu ne. Na kwashe katakan duka na jingine su a bango, na share wurin tas, na kwashe busasshen ganyen da kika tara a gefe, don kada su sami maɓoya. Bakwai da suka tsira na jefa su a bokitin ƙarfe da 'yar ƙasa a ciki, na ce in kin zo ki ga fuskar masu laifi. Ranar nan na sha shayina da daɗi. Na ce wa Innarki gadi ba ya tsufa.

Da gari ya waye, huɗu a kwance.

Na ce ragowar da suka ɓuya ne. Na bi bango, na bi gindin bahon, ban ga ko ɗaya ba. Washegari biyar. Auta, kafin in yi aikin nan biyu ake yankewa, wata rana ɗaya, wata rana ma a tsallake. Yanzu ba ranar banza. Yau saura ashirin da biyu.

Ban san yadda zan kwatanta miki ba. Daga ƙofar kicin zuwa layin farko taku goma sha ɗaya ne, kuma kullum sai na tsaya a na bakwai, don daga nan ake fara hango wanda ya kwanta. Mutumin da ya kwana shekaru a bakin sito da sanda kawai, yau shi ne ke tsoron leƙa bayan gidansa da rana tsaka. Na so in zauna in kwana a wurin in ga ko mene ne, Innarki ta ce in na fita da wannan ƙirjin nawa to in haƙa ramina kusa da tumatir ɗin, a huta da ɗauka.

'Yan gayunki kuwa suna nan, sun ma ƙaru. Rana na yin zafi sai su fito suna yanga a kan baho. Jiya na tsaya na yi wa ɗaya faɗa. Na ce masa an ce kai ne mai gadi, ana yanka a gabanka kana gyara riga. Ya dube ni da manyan idanunsa ya tashi.

Tela ya leƙo ta katanga, ya ce in daina wahalar da kaina, akwai maganin feshi da ya saya don kyankyasai, in aka zuba shi ko tururuwa ba ta sake bi ta wurin sai bayan shekara. Na ce sai na ji daga gare ki.

Me na rage ban yi ba?

Kawunki

Daga Kawu

Auta,

Ina gaishe ki. Allah ya sa shirun nan na hanya ne, ba na jiki ba. Na je ofishinku yau da safe, gwiwa tana ja ina ja. Matar da ke zaune a teburin gaba ta ce ruwa ya cinye gadar da ke hanyarku, mota ba ta wucewa, amma kowa lafiya. Ta karɓe ni hannu biyu-biyu, ta ba ni kujera. Na so in tambaye ta ko ita ma ta karanci ƙwari, kunya ta hana ni.

Lafiyata ba laifi, barci ne dai babu. Abinci ma Innarki ce ke tsayawa a kaina.

Saura tara.

Layin tsakiya ya ƙare gaba ɗaya. Na daina kwashe waɗanda aka yanke, ina barin su a wurin, ban san dalili ba. Wataƙila don kada layin ya yi kama da ba a taɓa shuka komai a cikinsa ba. Gwangwanin yana kan taga. Sau biyu ina buɗe shi ina karkaɗawa a tafin hannu, ko wata ƙwaya ta maƙale a gefe. Ba komai sai ƙura da warin tsumman ƙanwata.

Na yi mafarkinta ranar Asabar. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Tana tsugune a bakin layi tana ƙirgawa da yatsa, in ta kai ƙarshe sai ta koma farko, ko waiwayo ni ba ta yi ba. Na ba Innarki labari, ta ce cin abinci da wuri ne maganin irin wannan mafarkin, amma na ga ta juya tana goge ido da gefen zane.

Fursunonin bokiti sun koma biyar, ina jin junansu suka ci. Na jefa musu ganyen tumatir da karansa don in kama su dumu-dumu. Kwana uku ko lasa ba su yi ba. Innarki ta ce anya kuwa. Na ce mata na sha ganin irinsu, mai laifi ba ya ci a gaban shaida.

Abin da ke tayar mini da hankali shi ne, in su ne, to su wa ke yanka yanzu? In kuma ba su ba ne, to wani abu yana nan a bayan gidana wanda ban taɓa gani ba, yana jiran in shiga ɗaki.

Tela ya kawo kwalbar. Tana kan taga kusa da gwangwanin, da hoton ƙoƙon kai a jikinta. Ya ce a jiƙa ƙasar duka, har bango, har bahon. Na tuna takardarki ta ƙofa, na ce 'yan gayu fa? Ya ce tumatir aka bar mini wasiyya ko mazari?

Yau Litinin. Zan jira ki zuwa Juma'a da safe. In ban ji komai ba zan zuba, ki yafe mini mazarinki. Gara ki dawo ki tarar ba su, da ki dawo ki tarar ba tumatir ɗin uwarki.

Kawunki

Daga Auta

Kawu,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Inna, Allah ya ƙara sauƙi. Ni lafiya. Ka yafe mini, ba zan iya doguwar gaisuwa ba.

Wasiƙunka uku yau suka iso tare, a hannun wani mai babur da ya zagayo ta tsohuwar hanya. Kawu, waccan takardar tawa ba amsa ba ce. Ban ga taka ta farko ba lokacin da na rubuta ta, dubi kwanan watan da ke samanta. Yabon su nake yi. Da na ce ba su da tausayi, a kan tsutsa nake nufi. Laifina ne, ni na rubuta rabin magana a tsaye.

Kada ka buɗe kwalbar nan. Ko murfinta kada ka taɓa, ga ƙirjinka ma.

Mafarautan da na rubuta a ƙofa iri biyu ne, kuma kowanne da aikinsa. Mazari da ido yake farauta, saboda haka sai da rana, kuma sai abin da ke tashi ko ke zaune a kan ganye: sauro, ƙananan ƙudaje, korayen ƙwarin nan masu tsotsa. Ba ya tona ƙasa. Rana na faɗuwa yake neman kara ya maƙale. Mai yanka maka dashe kuwa tsutsa ce, toka-toka, mai kauri kamar ɗan yatsa. Da rana tana binne a ƙasa a gindin dashen, ta naɗe kamar zobe. Da duhu take fitowa ta zagaye karan ta gwaguye shi, ta koma. Ita da mazari ba su taɓa haɗuwa ba, ba kuma za su haɗu ba. Faɗan da ka yi masa na banza ne.

Baƙaƙen nan su ne maganinta. Ba su damu da tashi ba, gudu suke yi a ƙasa, suna bi da shinshina da taɓawa, lokacin da take fitowa su ma suke fitowa. 'Ya'yansu da ka gani a cikin ƙasa suke bin ta. Shi ya sa ka same su kusa da ɓarna, abincinsu ke wurin. Katakan nan ba don takawa kawai na shimfiɗa ba, ɗakin kwanansu ne. Shekara biyu na yi ina lallaɓa su kafin su taru haka. Mazari in an bar masa ruwa zai dawo da kansa daga nesa, su kuwa da ƙafa suke zuwa, a hankali.

In ka yi feshi, waɗanda ke yawo a fili su za su fara mutuwa, da duk abin da ke cikin baho. Wadda ta nutse a ƙasa tana iya tsira, ta fito ta tarar ba kowa.

Ga abin yi. Ka saki na bokiti a gindin dashen. Ka mayar da katakai, ka yayyafa ruwa a ƙarƙashinsu, ka mayar da busasshen ganye. Duk inda aka yi sabuwar yanka, ka tona da yatsa kewaye da gindin, ba zurfi, za ka same ta. Sannan ka samo gwangwanayen madara, ka cire musu sama da ƙasa, ka zura wa kowane dashe ɗaya kamar abin wuya, ka danna shi ya shiga ƙasa kaɗan. In karan ya yi kauri, ta bar shi ke nan.

Yau Alhamis. Mai babur ya ce kwana biyu ne in ba a yi ruwa ba. Na ƙirga da yatsu sau biyar, Asabar take ba ni. Na roƙe shi ya hanzarta har ya fara jin haushina. Ban san ko ina rubuta wa lambu ba ne ko fili. In ka riga ka zuba, kada ka ɓoye mini, kuma kada ka zauna kai kaɗai da abin a ranka. Umma ba za ta so haka ba.

Taka,
Auta

Daga Kawu

Auta,

Sallama, da gaisuwa irin ta wanda ya yi barci. Gwiwa tana nan da halinta, tari ya tafi. Innarki ta ce in gaya miki ta ga takardarki duk tabon ruwa, in hawaye ne ki daina, in kuma rafi ne ki riƙa fitowa kina rubutu a tudu.

Takardarki Asabar da la'asar ta iso, kamar yadda yatsunki suka faɗa. Bari in ba ki labarin Juma'a a hankali, kada ki tsallake zuwa ƙasa.

Na tashi na tarar da saura biyar. Ban ko tsaya a taku na bakwai ba, na koma na ɗauko kwalbar. Na ɗaure hanci da tsumma, na buɗe murfin, warin ya bugi idona. Na ce da fursunoni zan fara. Ina tsaye a kan bokiti, Innarki kuma tana tsugune a bakin layi, ta ce ita dai ba za ta bari a zuba guba a kan gawarwakin dashen ba, sai ta kwashe su tukuna. Da tsohon cokali take tono saiwar wanda aka yanke a daren. Sai na ji ta yi salati, ta wurgar da abin da ke cikin cokalin ba tare da ta duba inda za shi ba. A bokiti ya faɗa.

Tsutsa ce, toka-toka, a naɗe kamar zobe, ƙatuwa, ta ƙoshi da tumatir ɗin ƙanwata.

Auta, ƙwarin nan da suka yi kwana da kwanaki ba su kalli ganye ba, kafin in ƙifta ido biyu sun hau ta. Na uku ya zo ya kama wutsiya. Ba zan kwatanta miki sauran ba, ke kin sani. Gaskiyarki, ba su da tausayi.

Kwalba tana hannuna a buɗe. Innarki ta leƙa bokitin, ta dube ni, ta ce, "Malam, rufe abin nan kafin ka zubar." Na rufe. Sai na zauna a ƙasa.

Kina ƙarama lokacin da aka sallame ni daga sito, ba na jin an taɓa gaya miki yadda aka yi. An fasa ta baya aka kwashi kaya. Da safe masu wurin suka zo suka same ni a bakin ramin da aka fasa, da sandar ƙarfe a hannu, da tsatsa a riga, don na kwana ina bin sawu. Babban cikinsu ya ce ga shi da dare yake yawo, ga shi a wurin, ga ƙarfe a hannunsa, me ake jira. Ba wanda ya tambayi abin da ya kai ni wurin. Bayan na tafi aka fasa sau uku a wata ɗaya. Shekara goma sha tara ina ba da labarin nan ina cewa ban taɓa ganin marasa tunani irinsu ba. Su ko ruwan zafi ba su dafa mini ba.

Ranar nan ni da Innarki muka bi layukan da cokali, muka tono goma sha huɗu. Na kwantar da bokitin a gindin dashe, na ba su haƙuri da baki, Innarki tana dariya tana cewa in ƙara da durƙuso. Muka mayar da katakai. Dabarar gwangwani ce ba mu sani ba sai da takardarki ta zo, kuma kafin ta zo an ƙara yanke ɗaya.

Saura huɗu, Auta. Daga arba'in da shida. Ba zan yi miki kwalliya a kai ba, hannuna ne ya yi. Amma yau kwana tara ba a taɓa ko ɗaya ba. Karansu ya kai kaurin fensir, suna tsaye cikin gwangwanayensu kamar masu sabuwar kwala, kuma na bakin bango ya fitar da fure biyu. Har yanzu ina tsayawa a taku na bakwai, sai na ƙirga huɗu nake ƙarasawa.

Na mayar wa Tela kwalbarsa. Na roƙe shi ya bar ni in ɗaga tsofaffin bulon da ke bayan shagonsa, na samo baƙaƙen nan shida na kawo a gwangwani. Ya tsaya da almakashi a hannu yana kallona, ya ce wancan makon ina dafa su, wannan makon ina yi musu jigila, in gaya masa wane likita nake gani.

'Yan gayu ma na janye maganata. Tunda suka yawaita Innarki ta daina marin kanta saboda sauro a tsakar gida.

Jiya da magariba, ina shirin shiga, na ga ɗaya daga cikin baƙaƙen nan ya leƙo daga ƙarƙashin katakon tsakiya, yana motsa gashin bakinsa. Mazarin ƙarshe kuma ya riga ya maƙale a kara ya haɗe fikafikai. Na san wannan lokacin, shekara talatin da ɗaya ina karɓar aiki a cikinsa. Na ɗauki kujerata, na gaya masa abin da mai gadin rana yake gaya wa na dare: huɗu ne, na bar su lafiya, a same su lafiya.

Na shiga na rufe ƙofa.

Kawunki